Kwasar shara a gari: wa za a ba aikin, yaya za a biya shi?

Duk wanda ya taɓa kwana a garin da kasuwa ta ci, ya san yadda gari ke wayewa. Ga ɓawon rake, ga ɓawon gyaɗa, ga toka, ga kashin dabbobi, ga leda baƙa da fara ta rataye a ƙaya. Kafin mai tsintsiya ya iso, awaki sun riga shi.

Manomi yana iya cewa wannan zancen mutanen birni ne. Ba haka ba ne. Shi ne yake biyan tike a kasuwa. Shi ne yake biyan lanho. Akuyarsa ce take cin leda. Kuma in an kwashe sharar gari, ba sama ake kai ta ba, bayan gari ake zubawa, kusa da gonar wani ko bakin burtalin wani.

Tsabtar gari tana cikin ayyukan da doka ta ɗora wa komin. A 2004 aka zaɓi majalisun komin a faɗin Nijar. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, gwamnati ta naɗa waɗanda za su riƙe garuruwa. Ko wane ne ke kan kujera, shara ba ta jira. Yawancin komin ba su da kamyo mai lafiya, ba su da leburori isassu. Don haka sai su nemi ɗan kwangila. A nan ne tambaya biyu suke tasowa: wa za a ba aikin, kuma ta wace hanya za a biya shi? Akwai wani babban birni da ya amsa tambayoyin nan cikin gaggawa, ya yi shekara 15 yana jin jiki. Labarinsa ya isa a saurara.

Birnin shi ne Alƙahira, babban birnin ƙasar Masar. Mutanensa da na kewaye sun haura miliyan 20. Wajen shekarun 1940, wasu manoma marasa gona daga kudancin ƙasar, musamman yankin Asyut, suka riƙa shigowa birnin neman abinci. Suka kama aikin da ba kowa ke so ba, wato kwasar shara. Ana kiransu Zabbalin, ma'ana masu shara. Yawancinsu Kirista ne, Kibɗawa.

Ga yadda suke aikin. Tun kafin asuba uba da ɗansa za su fita da amalanken jaki. Daga baya hukuma ta matsa masu, suka koma ƙananan motoci. Su bi gida gida, su hau bene, su ɗauki shara daga bakin ƙofa. Mai gida yana ba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a wata. Ba wannan kuɗin ne ke riƙe da su ba. Ribarsu tana cikin sharar kanta. In an kawo ta gida, mata da ƴan mata su zauna su tsince: takarda gefe, tsumma gefe, gwangwani, kwalba, roba, ƙashi, kowanne da mai sayensa. Ragowar abinci kuwa su ba aladun da suke kiwo, kashin aladun a sayar wa manoma su yi taki. Waɗanda suka bi diddigin aikin sun ce cikin kashi 100 na abin da suke kwasowa, wajen kashi 80 yana komawa ya yi amfani. Ko ƙasashen Turai masu manyan injuna ba kasafai suke kai haka ba.

Kada a ce aikin ba shi da aibi. Unguwarsu da ke gindin dutsen Muƙaɗɗam cike take da wari da ƙuda. Kwalba da allura suna yankan hannuwan mata. Yara da yawa ba su zuwa lakwal. Kuma sun fi son unguwannin masu hali, domin sharar talaka ba ta da abin sayarwa. Ba su iya kwashe sharar birnin duka ba. Saboda haka hukuma tana da dalilinta na neman gyara.

A 2003 sai aikin ya koma hannun manyan kamfanoni daga ƙasashen Sifaniya da Italiya. Kwangilar ta shekara 15 ce. Kuɗin ya kai wajen dala miliyan 50 a shekara, dalar Amurka fa, ba dalar sefa ba. Aka shigo da motoci masu sheƙi, aka ɗinka wa ma'aikata riguna iri ɗaya. Ba wanda ya zauna da Zabbalin ya tambaye su komai.

Ba a daɗe ba sai matsaloli suka fara fitowa. Kamfanonin ba su zuwa bakin ƙofa. Manyan akwatunan shara suka ajiye a kan titi, kowa ya kawo tasa. Mutanen da suka saba a hau bene a karɓa masu, ba su ji daɗin haka ba. Akwatunan suka riƙa cika suna zuba, wasu ma aka sace. Manyan motocin ba su iya shiga lungu. Takardar kwangila kuma kashi 20 kawai cikin 100 ta ce a tsince, sauran a kai bayan gari a binne. Wato an karɓe aiki daga mai tsince 80, an ba mai tsince 20, kuma da tsada.

Kuɗin shara kuwa, sai aka liƙa shi a takardar biyan wutar lantarki. Dabarar ita ce, wanda ya ƙi biyan shara zai ji tsoron a yanke masa wuta. Mutane suka kai ƙara, kotu ta ce ba a bi doka ba, har sai da aka yi sabuwar doka a 2005. Amma ko da doka, mai gida ya ga yana biya sau biyu: ya biya a takardar wuta don motar da ba ta zuwa ƙofarsa, ya kuma biya mai sharar da ya sani tun yana yaro, wanda bai daina hawa bene ba. Su ma kamfanonin suna kuka. Suna cewa hukuma tana cin su tara, tana jinkirta biya. Daga ƙarshe sai suka koma suna ɗaukar Zabbalin ɗin nan su yi masu aikin a kan ɗan kuɗi kaɗan.

A 2009 aka ƙara wani kuskure. Da aka ji labarin murar aladu a duniya, gwamnatin Masar ta sa aka yanka aladun ƙasar, wajen 300,000, ko da yake ba a samu cutar a jikinsu ba. Da aladu suka ƙare, ragowar abinci ba ta da amfani ga mai kwasa. Sai aka bar ta a titi tana ruɓewa. A lokacin ne mutanen birnin suka gane wanda yake share masu gari tun da can. A 2013 aka naɗa Laila Iskandar ministar muhalli. Mace ce da ta daɗe tana aiki tare da Zabbalin. A zamaninta aka taimaka masu suka kafa ƙananan kamfanoninsu fiye da 40, da takardun hukuma. Kwangilar baƙin kuwa ta ƙare wajen 2017.

Mai karatu ya lura da abu guda. Ba ƙarfin mota ne ya gaza ba. Duk abin da ya ɓaci, a cikin takardar kwangila ya ɓaci, tun kafin mota ta farko ta tashi. Takarda ba ta ce a je bakin ƙofa ba, ba a je ba. Takarda ta ce 20, aka tsaya a 20. Ɗan kwangila ba ya yin abin da ake fata, abin da ake biyansa a kai shi yake yi. Wannan bai sa ya zama mugu ba. Ko ɗan ƙodago a gona haka yake: in da yini aka yi jinga, ba ya sauri, in da faɗin gona aka yi, ba ya tsayawa cire ciyawar gindin gero.

To, a dawo gida. Ta wace hanya komin za ta biya mai kwasar shara?

Akwai biya bisa nauyi. A ƙasar Kamaru haka ake yi da kamfanin Hysacam, wanda ya fara aiki a birnin Duwala tun 1969. Mota ta hau babban sikeli a bakin juji, a rubuta nauyinta, a biya bisa ton. Ton ɗaya kilo 1000 ne, kamar buhu 10 na gero masu kilo ɗari ɗari. A ido wannan hanyar ta fi adalci: iyakar kayanka, iyakar kuɗinka. Amma a ƙasa mai rairayi tana da tarko. Duk matar da ta share tsakar gida ta san abin da ke cika kwando: yashi da toka. Su ne suka fi komai nauyi a sharar garuruwan nan. Leda kuwa, wadda ita ce babbar masifa, buhu guda cike ba ya kai nauyin ƙwarya biyu ta yashi. In an ce nauyi za a biya, mai wayo zai cika mota da yashi ya bar leda tana yawo a iska. Komin ta wayi gari tana sayen ƙasar garinta da kuɗin lanho. Ban da haka, ina garin karkara zai samu sikelin auna mota?

Akwai biya bisa sawu: amalanke kaza, kuɗi kaza. Wannan ya fi sauƙin ƙirgawa. Sai dai amalanken da ya cika da wanda ya ɗauki rabi duk sawu ɗaya ne. Dole a samu mai amana a bakin juji yana dubawa yana rubutawa. In shi da mai amalanke suka fara shan shayi tare, lissafi ya lalace.

Akwai kuma biya na wata: ga unguwa, ka tsabtace ta, ga kuɗinka ƙarshen wata. A nan ba wanda zai ɗebi yashi don banza. Haɗarin shi ne lalaci. Wanda kuɗinsa ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, zai zo sau biyu a mako maimakon sau uku, daga baya sau ɗaya. Maganin abin shi ne a rubuta ranakun zuwa a takarda, a rubuta abin da za a cire masa duk ranar da bai zo ba. Kuma shaidar zuwansa kada ta fito daga ofis kaɗai. Mai unguwa ya sa hannu, matan unguwa su ma su ba da wakiliya, domin su ne ke gida lokacin da amalanke ke wucewa. Ga ƙaramin gari, wannan hanya ta uku ta fi sauran.

Sai batun wa za a ba. Ka'ida ita ce a yi shela, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe gaban jama'a. Wannan yana da kyau, yana hana a miƙa wa ɗan'uwa ko suruki a ɓoye. Amma kada a ce lallai mai araha shi ne ya ci. Araha ba ta ado. Jaki yana cin dussa da harawa. Taya tana fashewa. Lebura yana bukatar shebur, da safar hannu, da takalmi, da abin da zai kai gida. In mutum ya kawo farashin da bai isa biyan waɗannan ba, to a wani wuri zai rage. Mafi yawa a tafiya yake ragewa: maimakon ya kai juji mai nisan kilomita 3, sai ya juye a kwarin da ke bayan gidaje, ko a bakin tafki. Damina ta zo, ruwa ya dawo da kayan cikin gari. Kafin a sa hannu, ya kamata a je a ga amalankensa da dabbobinsa da ido, a tambayi garin da ya taɓa yi wa aiki.

Kuma ba dole ba ne a ba mutum guda gari duka. In aka raba gari kashi uku ko huɗu, aka ba masu amalanke na garin, ko ƙungiyar mata, ko ta matasa, kuɗin yana zama a gida. Manomin da amalankensa ke zaune da rani ya samu abin yi. In guda ya gaza, sauran suna nan, ana kuma iya gwada aikin wannan da na wancan. Shekara ɗaya ko biyu ta isa a fara da ita. Shekara 15 ta Alƙahira, yaron da aka haifa ranar sa hannu ya isa riƙe garma kafin a samu damar gyara kuskure.

Sai dai amalanke ma yana da iyaka, kada a ruɗi kai. A Bamako, babban birnin Mali, tun farkon shekarun 1990 ƙungiyoyin matasa suke bin gidaje da amalanken jaki suna kwasar shara, ana biyansu a wata. Wannan ɓangaren ya yi aiki. Amma jaki ba ya iya kai kaya nesa da babban birni. Sai su tara a wasu filaye cikin gari, da nufin motocin hukuma su zo su kwashe. Motocin ba su zuwa yadda ya kamata, har tulin unguwar Lafiyabugu ya zama kamar tsauni. A 2014 aka ba wani kamfanin ƙasar Maroko mai suna Ozone kwangilar shekara 8, shi ma bashin da ba a biya shi ba ya yi ta taruwa. Ke nan tafiya biyu ce: daga ƙofa zuwa matara, daga matara zuwa bayan gari. Takardar da ta faɗi ta farko ta manta da ta biyu, ta kawar da bola ne daga ƙofar wani zuwa ƙofar wani.

Yanzu, daga ina kuɗin zai fito? A ɗauki misali, don a ga lissafin. A ce unguwa tana da gida 200. A ce an yanka wa kowane gida dala 100 a wata, wato sefa 500. In kowa ya biya, an samu jika 100. In rabi ne suka biya, jika 50 ke nan. Amma mai amalanke tafiyarsa ba ta ragu da rabi ba, domin lungunan nan dai zai bi. Su kuwa gida 100 da ba su biya ba, sharar tasu ba ta ɓace ba. Da dare za a aiki yaro ya zuba a kwata ko a kangon maƙwabci. Wanda ya biya zai ga ƙudan bai ragu ba, sauro bai ragu ba, wata mai zuwa shi ma ya ƙi. Haka irin wannan shiri yake mutuwa, ba da faɗa ba, a hankali.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya. A Koriya ta Kudu, tun 1995, mutum yana sayen jakar shara ta hukuma, ita kaɗai ake ɗauka. Mai shara da yawa ya sayi jaka da yawa. Ya yi masu aiki, shara ta ragu. Amma a can akwai masu sa ido da tara mai zafi. A garin da kango yake a kowane lungu, ce wa mutum ya biya bisa kwando kamar ce masa ne ya zubar a ɓoye. Liƙa kuɗin a takardar wuta kuma, ko ba a tuna da rigimar Masar ba, gidaje nawa ne suke da mita a garin karkara?

Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a sa wa gida ɗan kuɗi kaɗan wanda ko gwauruwa za ta iya, sa'an nan masu tara shara da yawa su biya fiye: mahauta, masu sayar da abinci, manyan kantuna, tasha. Ragowar a cike daga tiken kasuwa, tunda kasuwa ce uwar bola. Amma a faɗi a fili kashi nawa na tiken ne na shara, a ware shi, kada ya narke cikin man motar ofis. Duk wanda ya biya a ba shi rasit mai lamba da hatimi. A kuma juya takardar kwangilar da Hausa a manna ta a ƙofar ofishin komin da bakin kasuwa: sunan mai aiki, unguwarsa, ranakunsa, kuɗinsa. Masu iya karatu sun yi yawa yanzu, za su karanta wa saura.

Akwai wani layi da ba a cika tunawa da shi ba a irin wannan takarda, alhali shi ya fi shafar manomi da makiyayi: ina za a zuba, kuma na wa ne abin da aka zuba? Sharar gari ba datti ba ce duka. Toka, da kashin awaki, da ɓawo, da ruɓaɓɓen ganye, taki ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin haka. Shekara da shekaru suna shiga birni da jakuna, su ɗebo takin bola a mangala su kai gona, shi ya sa suke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da hutu ba. A nan ma mai gona kusa da gari ya san darajar tsohon juji. In takarda ba ta ce komai ba, ɗan kwangila zai karɓi kuɗin komin don ya kai juji, ya kuma karɓi kuɗin manomi don ya juye a gonarsa, haɗe da leda da batir da fasasshiyar kwalba. Gara a rubuta tun farko: a tsince, a tankaɗe, takin a sayar bisa farashin da kowa ya sani, a kuma faɗi rabon mai aiki a ciki. In yana da riba a tsincewa, zai tsince, kamar yadda Zabbalin suka yi. Sharar likita kuwa, allura da auduga, ba ta shiga wannan lissafi. Ita ƙonewa ake yi a wurinta daban.

Leda ita ce ciwon makiyayi. Tun watan Nuwamba na 2014 Nijar ta yi doka mai hana yin leda mara kauri, da shigo da ita, da sayar da ita. Amma kowa yana ganin ta a kasuwa. Dabba ta ci don ɗanɗanon gishiri ko mai da ke jiki. Ledar ba ta narkewa, sai ta dunƙule a tumbi. Dabbar ta riƙa ramewa ciki a kumbure, mai ita yana ta sayen magani, ba a gane ba sai ranar da mahauci ya farka tumbin. Saboda haka wurin juji ba ofis kaɗai zai zaɓa ba. A kira sarkin noma, a kira ardo ko rugga, a kira masu gonakin da ke maƙwabtaka. Kada ya zama kan burtali, ko kusa da rijiya, ko inda ruwa ke gangarowa tafkin da dabbobi ke sha. A duba ta inda iskar hunturu ke kaɗawa. Kuma a rubuta a takarda wanda zai kewaye wurin da shinge, da wanda zai gyara shingen in ya faɗi.